Inda Aka Kwantar da Sabitu

Alassani direban babbar mota ne, kuma mutum ne da bai iya sauraro ba. Kowa a Zongon Lome ya san wannan aibin nasa. Yakan ɗauki kaya a tashar jirgin ruwa, siminti ko shinkafa ko gishiri, ya haura da su arewa har Yamai, ya dawo da albasa. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, salla ba ta wuce shi ko da a bakin shingen jandarma ne. Amma idan ana yi masa magana ba ji yake yi ba, jira yake a gama ya faɗi tasa.

Matarsa Talatu tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. A Zongo aka haife ta, a Zongo ta yi aure, iyakar tafiyarta Baguida, wurin ƙanwarta da ke auren wani mai sayar da kifi. Ɗansu na fari shi ne Sabitu, kuma shi kaɗai ne namiji, sauran duk mata ne ƙanana. Da yake ɗan fari ne, Talatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ta ga iyayenta suna yi. "Wancan" take ce masa, ko "ɗan lakol ɗin nan", wato ɗan boko. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Sai dai ƙosan da ya fi kowanne soyuwa kullum a kwanonsa yake ƙarewa, kuma ba wanda ya taɓa ganin lokacin da ta sa shi.

Sabitu ya yi makarantar Faransanci kamar sauran samarin unguwa, amma ransa na kan aikin safiyo, masu auna ƙasa, kuma makarantar da yake so a Gana take. Don haka kullum bayan la'asar yakan tafi Kodjoviakopé, can kusa da iyaka, wurin Tica Oumarou, ya koyi Ingilishi. Tica yana cikin waɗanda aka koro daga Gana a shekarar da aka kori baƙi. Ya iso Lome da akwati ɗaya da tabarau mai ɗaurin zare. Matsalarsa ita ce Lome gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma: teku, rairayi, tafki, shi ke nan. Yaya za a koya wa yaro sunayen duwatsu, alhali bai taɓa ganin tudun da ya fi juji ba? Sai Tica ya samo faranti ya cika shi da jiƙaƙƙen rairayi, yana gina ƙasa da hannu yana faɗin sunan kowane abu. Sabitu ma ya ɗauki tsohon farantin uwarsa ya yi nasa a gida.

Wata yamma Alassani ya dawo daga tafiya, ya tarar da shi durƙushe a tsakar gida, hannu duk rairayi.

"Kai, Bature! Bugun ƙasa ka koma? To duba mini, tayar nan tawa ta baya za ta kai ni Dapango?"

Sabitu ya yi dariya. "Baba, darasi ne. Ka ga wannan ƙaramin, hill sunansa. Wannan babban, mountain. Idan kuma ya miƙe dogo kamar gadon bayan saniya, ridge ke nan."

"Mu dutse muke cewa mu wuce."

"Ai ba duk ɗaya ba ne, Baba. Dangi ne, amma kowa da matsayinsa. Ka ga wannan hannun da ya sauko daga jikin dogon? Spur. Ɗansa ne, ba a samunsa shi kaɗai. Nan kuma inda kai biyu suka tsaya, ƙasa ta lotsa a tsakaninsu, saddle. In babu kai biyu babu shi. Wannan tsagin da ruwa ya yi a gefe, gully. Idan ya girma ya tsufa sai ya zama valley, kwari ke nan."

"Ikon Allah! Talatu, kina ji? Ɗanki ya ƙulla wa duwatsu zumunci. Saura ya ɗaura musu aure."

Talatu ba ta ɗago daga kaskon suya ba. "Ka bar shi. Ba wanda yake cuta sai farantina."

Alassani ya zauna a kan turmi ya cire takalmi. "Tun kafin a haife ka nake hawan duwatsun nan, ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba, kuma ban taɓa ɓata ba. Direba hanya yake sani: ga gada, ga kwana, ga inda ake sauke giyar mota, ga inda jandarma ke laɓewa. Kai kuwa ka haddace sunan abin da ba ka taɓa gani ba. Hutun nan za ka bi ni." Ya rage murya, don a zamanin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma mutum bai san wanda ke bayan katangarsa ba. "Da a kwashe ku zuwa rawar jam'iyya kuna karkaɗa ƙugu a rana, gara ka ga dutse na gaskiya."

Sabitu ya yi murna har ya kasa ɓoyewa.

Da safiyar tafiyar, Talatu ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshin ƙosai a hannu. Ta ga abin da uwa ke gani. Yaron bai taɓa tuwon jiya ba, idonsa ya kaɗa, yana yawan dafe ƙeya. Da ƙaramar 'yarta ce da ta riƙe hannunta ta ce ba inda za ta je. Amma ɗan fari ne, ga maƙwabta a tsaye suna jiran koko. Sai ta ce wa mijin, idonta a ƙasa, "Maigida, wancan bai ci abinci ba jiya."

"Zaman gida ne. Iskar hanya za ta buɗe masa ciki."

Ta buɗe baki, ta sake rufewa. Kunya abu ne mai kyau, amma akwai ranar da ya kamata a ajiye ta a ɗaki, kuma ranar ke nan.

Daga Atakpame ƙasa ta fara tasowa. Sabitu, duk da ciwon kai, ya leƙa ta taga yana nuni yana kiran sunaye, kamar wanda ya je garin su kakansa yana gane 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Alassani yana tuƙi yana tsokanarsa. Da ya ga yaron ya ƙi cin abinci a Sokode, sai ya ce ragwanci ne irin na 'yan lakol.

Washegari, gaba da Sokode, suka kama wani dogon hawa. Motar ta yi ta nishi har ta kai ƙarshensa, ruwan injin ya tafasa. Wurin sananne ne, kowace babbar mota takan tsaya ta huce a nan. Sabitu ya sauko, jikinsa kamar garwashi, ya riƙe ƙofar mota don kada ya faɗi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, fuskarsa ta washe.

"Baba, duba. A kan saddle muke tsaye. Ga kai ɗaya, ga ɗaya. Wancan da ya sauko wajen gabas spur ne, ga gully a gefensa. Wallahi kamar a farantina. Ka faɗa, Baba. Saddle."

"Na faɗa, na faɗa. Sha ruwa ka kwanta, surutu ya yi maka yawa. In injin ya huce mu kai ka wurin likita a gari na gaba."

Injin bai huce ba, domin tiyon ruwa ne ya fashe. Alassani ya cusa kai cikin mota yana ɗauri yana tsaki. Da ya fito, ya tarar da wuyan yaron ya sanƙare, bai gane ubansa ba, bakinsa yana ta maimaita kalmomin nan uku a hankali. Sanƙarau ba ya jiran a gyara mota. Kafin rana ta yi sanyi Sabitu ya cika.

Direbobi suna da al'adarsu, kuma ba ta saɓa wa addini ba: wanda ya mutu a hanya, a hanya ake binne shi, a ranar. Motoci suka yi ta tsayawa. Wani ya kawo jarkar ruwa, wani ya yanko farin yadi daga kayansa, wani ya fito da shebur ɗin da ake tono taya idan ta kafe. Aka wanke shi, aka sallace shi, aka ɗauke shi nesa da hanya kaɗan, gindin wannan hannun dutsen, inda ƙasa ta fi laushi. Aka kife tsohuwar taya a kai. Alassani ya tsaya ya riƙe wurin a ransa yadda direba ke riƙe wuri: bayan gadar ƙarfe, a kwana ta biyu, daura da gawar wata tsohuwar mota da ta taɓa kifewa. Bai ɗaga kai ya dubi ƙasar ba. Hanya ya duba, don ita ya sani.

Ya shigo Zongo da takalman yaron a hannu. Talatu ta gan su, ta sauke kaskon daga wuta, ta shiga ɗaki. Ba ta yi kururuwa ba. Mata suka yi ta yaba haƙurinta, ba su san kunyar nan ce dai ta sake shaƙe ta ba. Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa ta yi masa tambaya ɗaya.

"A ina?"

"A arewa. Cikin duwatsu."

"Ni ban san dutse ba, Maigida. In na rufe ido ba na ganin komai. Ka kai ni."

"Mata ba sa zuwa kabari. Addu'a daga ko'ina tana isa."

Addu'a kam tana isa, wannan gaskiya ne. Amma ba don haka ya hana ta ba. Tsoron wurin yake ji. Ya roƙi ubangidansa mai motar ya sauya masa hanya, ya koma bin gaɓar teku, Lome zuwa Kwatano zuwa Legas, inda ba tudu ba gangare. Bai sake haurawa arewa ba. Duk ƙarshen damina Talatu takan ce, "Bana fa?" Shi kuma ba ya rasa amsa: aiki ya yi yawa, hanya ba kyau, yara wa za a bar wa. Ita kuwa ta tura farantin ƙarƙashin gado. Rairayin ya bushe, duwatsun suka zube, ya koma shimfiɗe kamar Lome.

Damina ta bi damina. Sai wata shekara magana ta tabbata cewa za a tashi Zongo gaba ɗaya a mai da shi bayan gari. Aka zo aka shafa wa gidaje fenti, alamar za a rushe su. Mutane suka fara cire kwanon rufi da ƙofofi tun kafin a zo da motar rusau. Ranar da aka shafa wa nasu, Talatu ta tare mijinta a tsakar gida, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Maigida, ka zauna, yau kai za ka saurara. Ɗakin nan shi ne abin da ya rage mini. In na share shi nakan ce nan ya kwana, nan ya zauna da farantinsa. Yanzu za a rushe. A sabon wuri ba inda ƙafarsa ta taɓa takawa. In ba ka kai ni inda ka kwantar da shi ba, to ba ni da wuri ko ɗaya a duniya da zan nuna in ce nan yake. Ban taɓa roƙonka zane ba, ban taɓa roƙonka zobe ba. Wannan nake roƙo. In ka ƙi, ka kwashe kayanka zuwa sabon Zongo, ni Baguida zan tafi."

Alassani ya zauna. Ya ce, "To."

Ya ga ya kamata ya fara zuwa shi kaɗai ya share wurin. Ya bi motar wani abokinsa. Da suka wuce Sokode sai ya kasa gane hanyar. An yi sabuwar hanya, baƙar kwalta, mai faɗi. Ba ta hawa ta inda tsohuwar ke hawa, ta gindi take zagayawa. Ba gadar ƙarfe, an cire ta an sa ta siminti a wani wuri dabam. Ba kwana ta biyu, ba ta farko. Gawar tsohuwar motar kuwa maƙera sun daɗe da yanke ta. Ya sauka, ya yi ta tafiya a gefen kwalta har ƙafarsa ta kumbura. Duk duwatsun kamarsu ɗaya a idonsa. Ya tambayi direbobi. Matasa ba su san tsohuwar hanya ba, tsofaffin kuma suka ce masa, "Ai wajen gadar ƙarfe ne," wato abin da ya riga ya sani. Duk alamar da ya riƙe, mutum ne ya ajiye ta, mutum kuma ya ɗauke.

Ya dawo Lome bai shiga gida ba. Kai tsaye ya wuce Kodjoviakopé, ya ratsa masu canji da 'yan ƙetare iyaka, ya tsaya a ƙofar Tica Oumarou. Rabonsa da wurin tun ranar da ya zo ya ce wa Tica a gaban ɗalibai yana lalata 'ya'yan mutane da wasan ƙasa.

Tica ya gyara tabarau. "Malam Alassani? Lafiya? Ko ka zo in buga maka ƙasa?"

"Tica, ka yi mini duk ba'ar da kake so, na cancanta. Na ɓatar da kabarin ɗana."

Murmushin Tica ya ɗauke. Ya jawo masa kujera. Alassani ya faɗi komai, gadar, kwanar, sabuwar kwalta.

"Ba ka tuna komai na ƙasar kanta ba? Bishiya? Rafi?"

"Ban duba ba. Shi ne ya duba. Ya faɗi wasu kalmomi uku, yana ta faɗinsu har ya cika. Ba ranar da ba sa yi mini yawo a ka. Ban san ma'anarsu ba, don lokacin da yake bayani ina yi masa dariya ne."

Ya faɗe su. Harshensa ya lanƙwasa su, amma Tica ya gane nan take. Ya tashi ya ɗauko faranti, ya yayyafa ruwa, ya ce, "Matso. Kai za ka gina, ni zan faɗa."

Alassani ya durƙusa kamar yadda ɗansa ke durƙusawa. Hannun da ya saba da sitiyari ya shiga rairayi.

"Yi tudu biyu. A'a, kusa da juna, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu danna tsakaninsu da gefen hannunka. To wannan lotsin shi ne saddle. Tsohuwar hanya ta nan za ta bi, don mota ba ta hawa kan kai, ta wuya take wucewa. Ka daina neman hanya, Malam. Ka tsaya nesa ka nemi kai biyu."

"Na biyun fa?"

"Jawo rairayi daga jikin tudu ɗaya, ya sauko kamar hannu. Wajen ina ya ce?"

"Gabas."

"To ta wajen alƙibla. Wannan spur. Yanzu ka ja yatsa a gefensa ka yi tsagi. Gully ke nan."

Alassani ya dubi abin da hannunsa ya yi. Wurin ne. Ga inda motar ta tsaya, ga inda yaron ya riƙe ƙofa. Ya ɗora yatsa a gindin hannun dutsen, dab da tsagin.

"Yaron nan ya fi duk wanda na koyar," in ji Tica. "Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu. Kai biyun nan suna nan har tashin duniya. Hannun ma yana nan. Na ukun ne ba ya zama wuri ɗaya. Duk damina sai ya ci ƙasa." Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya zuba a tsagin. Gefen ya zube, har ya kai inda yatsan Alassani yake.

Alassani bai gaya wa Talatu wannan ba. Ya dai ce ta shirya.

Suka shiga gaban motar abokin nasa, ita a tsakiya. Tun daga Atakpame ta ƙanƙame gefen kujera, tana kallon ƙasa tana tashi sama kamar za ta rufe su. Can ta ce a hankali, "Ashe wannan ne wancan yake ginawa." Alassani kuwa, karo na farko a rayuwarsa, bai dubi hanya ba. Kansa a ɗage yake. Ya ga dogon gadon baya, ya ga hannaye suna saukowa daga jikinsa, ya ga kwari a tsakani. Duk shekarun nan suna tsaye a nan, bai taɓa yi musu kallo ɗaya ba.

Gaba da Sokode ya ce, "Tsaya." Can sama, ta dama, ga kai biyu kafaɗa da kafaɗa, ga lotsi a tsakaninsu.

Suka bar motar a gefen kwalta suka hau da ƙafa. Tsohuwar hanyar tana nan cikin ciyawa, ta koma turbar awaki. Talatu tana hawa tana tsayawa tana haki, ba ta yarda ya riƙe mata hannu ba. Da suka kai sama, Alassani ya tsaya inda motarsa ta taɓa tsayawa, ya juya gabas. Ga hannun dutsen ya sauko, bai canza ba.

Tsagin ne ya canza. Da, mutum yakan tsallake shi. Yanzu ya zama kwazazzabo mai jan ciki, ya fi tsayin mutum zurfi, saiwoyi na reto a bakinsa. Ya ci rabin gindin hannun. Rabin da ya rage ciyawa ce har ƙugu. Ba taya. Ba tudun ƙasa. Alassani ya shiga ciyawar yana ture ta da hannu, ya kai bakin ramin ya dawo, ya sake komawa. Ko yana ƙarƙashin ciyawar nan, ko ruwa ya tafi da shi tun wata damina da Alassani yake kan hanyar Legas yana cewa aiki ya yi yawa.

Can gefe akwai 'yan duwatsu a tare, kamar an tara su da gangan. Talatu tana tsaye a kan tsohuwar hanya tana kallonsa. Da ya nuna duwatsun nan ya ce nan ne, da ta yarda, ta yi addu'arta, ta koma gida da wuri a zuciyarta. Ya daɗe yana kallonsu. Alassani yana da aibi, amma ƙarya ba ta ciki.

"Nan ne?" ta tambaya.

Ya fito daga ciyawar ya tsaya a gabanta. "Wurin ke nan, Talatu. Tsakanin dutsen can da bakin ramin nan. Amma kabarin ban gan shi ba. Ban sani ba ko yana nan ko ruwa ya ɗauke shi."

Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta dubi ciyawar, ta dubi ramin.

"Da ka kawo ni a shekarar farko, da akwai taya."

"Da akwai."

"Da na riƙe hannunsa a bakin ƙofa, da yana ɗaki."

Ya ce, "Ki zo mu matsa ciki ki yi addu'a."

Ta cire takalmi. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga ciyawar, sai ta tsaya, ƙafar a sama. Ta mai da ita kan hanya.

"In taka ina? In na taka shi fa?"

Alassani ya dubi ciyawar da ya gama tattakewa da takalminsa. Ya zauna a ƙasa.

Talatu ta tsaya a bakin tsohuwar hanya, ƙafa ba takalmi. Ta ratsa ƙasar Togo tun daga teku, ga shi abin da ya rage tsakaninta da ɗanta bai kai tsawon tabarma biyu ba, kuma ba ta da inda za ta sa ƙafa.

"Me ya ce sunan wurin?"

"Saddle. Wancan spur. Wannan gully." Ya faɗe su daidai, ɗaya bayan ɗaya, yana nuni, yadda yaron ya roƙe shi ya faɗa.

"Ya ji daɗi da ya gan su?"

"Ya ji daɗi. Ya ce kamar a farantinsa."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi hagu da dama. Ba maƙwabta, ba masu jiran koko, ba surukai, ba wanda za a ji wa kunya sai duwatsu. Ta gyara mayafinta, ta fuskanci ciyawar da ramin gaba ɗaya, tunda ba ta san wanne za ta fuskanta ba.

"Sabitu," ta ce.

Sunan ya fito mata baƙo a baki, don ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Ta sake faɗa, da ƙarfi.

"Sabitu! Ni ce. Na zo."

Can ƙasa a kan kwalta direban ya danna oda, yana tuna musu rana tana tafiya. Alassani bai motsa ba. Yana zaune yana sauraro, ita kuma tana ta kira.